Haraji, Hanya da Muhalli: Daga Kafin Gazawa zuwa Jirgin Maraɗi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta mai lamba 1 daga Gidan Rumji, ya ratsa Tsibiri da Maraɗi, ya wuce Caduwa da Agye har ya sauka Gazawa, zai lura da abu guda da garuruwan nan suka yi tarayya a kansa, wato filin da ke bakin kwalta ya fi na bayan gari tsada nesa ba kusa ba. Alhali ƙasar ɗaya ce, yashin ɗaya ne, ruwan saman da ke sauka a kansu ma ɗaya ne. Hanya ce ta bambanta su, da kasuwa, da tasha, da famfo, da makaranta, kuma dukiyar jama'a ce ta gina waɗannan duka, mai fili bai aza ko tubali ɗaya ba. To, wannan ƙarin daraja da aikin jama'a ya haifar, rabon wane ne? Na mai fili ne shi kaɗai, ko na baitulmalin ƙasa, ko kuwa na garin da ya haife shi?

Tambayar tsohuwa ce a ƙasar Katsinar Maraɗi da Gobir, ko da yake kowane zamani da irin amsar da ya ba ta. Ta sake tasowa da ƙarfi tun daga watan Fabrairu na 2021, lokacin da aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, domin ba a taɓa yin wani aiki a wannan yanki da zai iya sauya darajar filaye kamarsa ba. Kafin a waiwayi tarihin gida, ya kyautu a dubi wata dabara da biranen Amurka suka daɗe suna jayayya a kanta, domin ita ce madubin da za a duba namu al'amarin a ciki.

Asusun ƙarin haraji a Amurka

A shekarar 1952 jihar Kaliforniya ta shigo da wani tsari da za a iya kira asusun ƙarin haraji. Yadda yake aiki shi ne: hukumar birni ta shata iyakar wata unguwa, ta ƙididdige harajin gidaje da filayen da unguwar ke biya a wannan shekara, ta tsayar da shi a matsayin tushe. Tushen nan zai ci gaba da shiga inda ya saba shiga. Amma duk abin da ya ƙaru a kansa a shekarun da ke tafe, saboda gidaje da filaye sun yi daraja, sai a killace shi a asusu na musamman, ba a kashe shi sai a cikin unguwar. Alal misali, idan unguwa tana biyan miliyan 10 a yau, bayan an shimfiɗa titi ta koma biyan miliyan 25, miliyan 15 ɗin nan su ne ƙarin. Da yake ana sa ran ƙarin tun kafin ya zo, hukuma kan ci bashi a kansa ta yi aikin yanzu, ta riƙa biya sannu a hankali.

Da farko an yi amfani da tsarin wajen rushe tsofaffin unguwanni, abin da ya raba talakawa da yawa da muhallinsu. Shi ya sa a 1976 Kaliforniya ta wajabta ware kashi 20 cikin 100 na ƙarin domin gina gidaje masu sauƙin kuɗi. Duk da haka ƙorafi bai ƙare ba, saboda kuɗin da aka killace, da ba a killace su ba da wani kasonsu ya tafi makarantu. A 2012 jihar ta rufe hukumomin da ke tafiyar da waɗannan asusu, su kimanin 400.

A jihar Ilinoyi kuwa, inda birnin Shikago yake, wa'adin irin wannan yanki shekara 23 ne, kuma majalisar jiha tana iya tsawaita shi zuwa 35. A nan ne gardamar tsawaitawa take zafi. Masu goyon baya suna cewa gidan talaka da layin jirgi ba sa biyan kansu cikin ɗan lokaci, don haka a ƙara wa'adi. Masu suka kuwa suna cewa kowace shekara da aka ƙara, shekara ce da sauran birni ke jiran rabonsa. A 2016 Shikago ta kafa yanki na musamman mai wa'adin shekara 35 domin gyaran layukan jirginta na cikin gari, amma doka ta tanadi a fara cire wa makarantun gwamnati kasonsu kafin a taɓa sauran. Darasin da ke ciki a fili yake: tsarin yana da amfani, amma sai da iyaka, da wa'adi, da idon jama'a.

Zamanin kafi da ganuwa

Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa zamansa a Maraɗi wajajen 1819. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, tafiyar ɗan lokaci kaɗan daga Maraɗi. Tasawa da Gazawa suna gabas, a kan hanyar fatake da ke haɗa Azbin da Katsina da Kano.

A watan Janairu na 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya yada zango a Gazawa. Ya tarar da gari babba, kewaye da kafi mai ƙarfi da gwalalo mai zurfi, domin Gazawa tana bakin dajin da ya raba ƙasar Maraɗi da Katsinar Fulani, kuma hari ba ya yankewa. A wancan zamani tsaro shi ne abin da ke ba fili daraja. Gonar da ke kusa da ƙofa, inda manomi zai iya rugawa ciki idan an ga ƙura, ta fi gonar da ke nesa, kamar yadda filin bakin kwalta ya fi na bayan gari a yau. Kafin nan kuwa da hannun mutanen gari aka kafa shi, kuma da hannunsu ake gyara shi.

Haraji ma yana da ire-irensa. A Kano Barth ya rubuta cewa kowane magidanci yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, sannan akwai kuɗin karofi da ake ɗora wa marina a kan kowace rijiyar rini. A ƙasashen Hausa baki ɗaya an san sarkin kasuwa da abin da yake karɓa, an san fito da fatake ke biya a mashigi. Ba daidai ba ne a ɗauki wannan zamani kamar na adalci tsantsa, domin kaso mai yawa yana tafiya ne ga dawaki da makamai da hidimar fada, kuma cikin masu haƙar gwalalo akwai bayi da ba a tambayi yardarsu ba. Sai dai akwai abu guda da ba a musu: mai biya yana ganin inda wani ɓangare na guminsa ya tsaya, don kuwa a cikinsa yake kwana. Baƙo ma yana da masauki, ko a zango ko a gidan fatoma, kuma wanda ya zo da niyyar zama, mai gari kan nuna masa inda zai kafa bukka da inda zai yi sassabe.

Iyaka ɗaya, baitulmali biyu

Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da aikin shata iyaka da ya biyo baya har zuwa 1908, sun raba ƙasar Katsina gida biyu. Maraɗi da Tsibiri da Tasawa da Gazawa suka faɗa hannun Faransa, birnin Katsina ya faɗa hannun Ingila. Daga nan ƴan uwa biyu suka shiga makarantar haraji iri biyu.

A kudu, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka fara tsarin baitulmalin gargajiya, wanda daga baya ya bazu a sauran masarautun Arewacin Najeriya. Ana raba harajin da aka tara, rabi ga gwamnatin Turawa, rabi ya zauna a baitulmalin masarauta, kuma daga baya aka ƙara kason manyan masarautu. Da irin wannan kuɗi ne hukumar gargajiya ta Kano ta samar wa birnin ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930. Tsarin yana da nasa zalunci, musamman wajen karɓa, amma ya bar wata al'ada: a ajiye wani kaso a inda aka tara shi, a rubuta, a yi kasafi.

A arewa al'amarin ya sha bamban. Dokar kuɗi ta Faransa ta 1900 ta wajabta wa kowace ƙasar da take mulka ta ɗauki nauyin kanta. Saboda haka harajin kai, wanda bakin jama'a ya mayar lanho, yana tafiya ne kai tsaye zuwa kasafin mulkin mallaka, a Damagaram da farko, sannan a Yamai daga 1926. Sarakuna da masu gari su ne masu tarawa, ana ba su ɗan lada daga abin da suka tara, amma ba su da baitulmalin da za su tsara aiki da shi. Hanyoyin mota na farko kuwa da aikin tilas aka share su, har zuwa 1946 da aka haramta shi. Ke nan talakan Gazawa ko na Gidan Rumji ya biya hanya sau biyu, da kuɗinsa da kuma jikinsa. Ba abin mamaki ba ne da ƙauyuka suka riƙa tsallaka iyaka idan karɓa ta yi tsanani. Ba abin mamaki ba ne kuma da kalmar haraji ta zauna a zukata da ma'anar abin da ake ƙwata, wanda in ya tafi ba ya dawowa. Wannan tabo yana cikin abin da magadan gari suka gada.

Gujiya, jirgin Kano da ambaliyar 1945

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga fatauci a 1912, kuma cikin ƴan shekaru gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa, ta zama sarauniyar amfanin gona. Tasirin jirgin bai tsaya a iyaka ba. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna a Maraɗi, wadda ta karɓi hedikwatar yanki daga Tasawa a 1927. Gujiyar ƙasar Maraɗi ta riƙa gangarawa Kano a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a motoci. Wato tashar da ke wata ƙasa ce ta ɗaga darajar gonakin wannan ƙasa. Faransa ba ta ji daɗin haka ba, shi ya sa daga 1953 ta tsara jigilar da aka sa wa sunan tsattsewa, inda motoci ke kai gujiya Faraku a ƙasar Dahome, jirgi ya ƙarasa da ita Kwatano. Layin Dahome ya tsaya a Faraku tun 1936, bai taɓa ƙarasowa Nijar ba.

A tsakiyar wannan bunƙasa ne, a daminar 1945, Gulbin Maraɗi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama. Hukumar mulkin mallaka ta mayar da garin kan tudu, ta yanka shi da tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna, tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Ƴan Daka da Maradawa da Limanci suka hau da sunayensu. Wannan babban aiki ne na sake tsugunar da jama'a, kuma daga gare shi ne fili mai kusurwa huɗu, mai lamba da takarda, ya zama ma'aunin muhalli a birni. Sunan unguwar Sabon Kare ma shaida ne, domin daga kalmar Faransanci ta irin wannan fili aka samo shi.

Tudun da jiya gona ne ya wayi gari birni. Waɗanda suka fara gane abin da hakan ke nufi su ne ƴan kasuwar da suka tashi daga sayen gujiya wa kamfanoni suka zama masu kansu, wato alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986. Bayan kafa kamfanin SONARA a 1962, da farin da ya kai ƙarshe a 1973 da 1974, da cutar da ta halaka gujiya a 1975, alhazai suka karkata ga fataucin ƙetare iyaka da sufuri, kuma riba mai yawa ta koma filaye da gidajen haya da gonakin kewayen gari. Birnin da ke da mutum kimanin 45,000 a 1977 ya kai kimanin 110,000 a 1988, ya haura 267,000 a ƙidayar 2012. Kowane sabon baƙo ya ƙara wa fili daraja, amma babu wani asusu da aka tanada domin kama wani kaso na ƙarin a mayar da shi magudanar ruwa ko gidan mai ƙaramin ƙarfi.

Daga mulkin kai zuwa ƙananan hukumomi

Gyaran mulki na 1964 ya ba gundumomi kasafin kansu, amma jami'in da Yamai ta naɗa shi ne mai riƙe da alƙalami. A ƙarshen shekarun 1970, da kuɗin yuraniyom suka shigo, gwamnatin Seyni Kountché ta soke harajin kai na gwamnatin tsakiya, talakawa suka numfasa. Ta fuskar gidaje kuwa, bankin Crédit du Niger da kamfanin SONUCI, waɗanda suka samo asali tun wajajen samun ƴancin kai, sun fi amfanar ma'aikata masu albashi a manyan birane. Manomin Gangara ko na Cadakori da kansa yake gina ɗakinsa, da ƙasa da azara da taimakon dangi, kamar yadda kakansa ya yi.

Da tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980 da 1990, hukumomin gari suka gano wata rijiya mai saurin kawo ruwa, wato yankan filaye. A karɓi gonakin bakin gari, a ba masu su wani kaso na filayen, a sayar da sauran. A ƙa'ida kuɗin da aka samu na share tituna ne da jawo ruwa da haƙa magudanai a sabuwar unguwar. A aikace kuwa sau da yawa albashi da bashi suka cinye su, unguwa ta tashi babu titi babu lambatu. Gwamnatin tsakiya ma ta sha daga wannan rijiya, domin a farkon shekarun 2000 ta biya wani ɓangare na bashin albashin ma'aikata da filaye, kuma malaman makaranta suna cikin waɗanda abin ya shafa. Idan aka auna da asusun ƙarin haraji, za a ga yankan filaye kishiyarsa ne. Shi asusun yana cin bashi ne a kan darajar gobe domin ya yi aiki yau. Yankan filaye kuwa yana sayar da darajar gobe baki ɗaya a kan farashin yau, sannan duk ƙarin da zai biyo baya ya zama na wanda ya saya ya ajiye. Wannan shi ne sayar da akuya a dawo ana neman nononta.

Zaɓen 24 ga Yuli 2004 ya kafa ƙananan hukumomi 265 masu zaɓaɓɓun majalisu. Agye da Caduwa, Gazawa da Gangara, Gidan Rumji da Tsibiri da Cadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa, kowace ta sami magajin garinta. A 2008 aka kafa hukumar ANFICT domin tallafa musu da kuɗi, a 2010 aka tattara dokokinsu a kundi guda, a 2011 kuma Gazawa ta rabu da Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Sai dai abin da ke shiga akwatin ƙaramar hukuma bai wuce harajin gari da ake biya a kan kowane baligi ba, da tikitin kasuwa, da kuɗin tasha, da na mahauta da kabu-kabu. Patanti da harajin gidaje kuwa ma'aikatar harajin ƙasa ce ke karɓa, sannan a mayar wa gari kasonsa, kuma jinkirin mayarwar yana cikin koke-koken da magadan gari suka daɗe suna yi. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa mafi yawan gidaje ba su cikin kowane kundin haraji.

Duk da haka akwai gwajin da ya yi kama da abin da ake magana a kai. A shekarun 2010, da tallafin asusun FIDA, an gina kasuwannin sari a Tasawa da Sabon Mashi da Jiratawa, aka haɗa su da hanyoyin karkara, da nufin cewa kuɗin da kasuwa ke tarawa su riƙa taimakawa wajen kula da ita. A yankin da ya shahara da aya da riɗi da wake, irin Agye da Caduwa da Gazawa, kasuwa ce ainihin inda ƙarin daraja ke bayyana, tun kafin ya bayyana a takardar fili.

Jirgin da ke tafe

Layin Kano zuwa Maraɗi yana da tsawon kilomita 284, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilarsa a kan kuɗi kusan dala biliyan 2, Najeriya ce kuma ta ɗauki nauyin nemo su. Duk ranar da jirgi ya fara tsayawa a Maraɗi, abin da ya faru a Kano bayan 1912 zai iya maimaita kansa: rumbunan ajiya, masaukai, tashoshin manyan motoci, da ƴan ci-rani masu neman ɗakin haya. Tasirin zai bi kwalta ya kai Tsibiri ta yamma, ya kai Caduwa da Agye da Gazawa ta gabas, domin daga can ne kayan da za su cika taragu za su fito.

Wannan kuwa zai sami ƙasar da ta riga ta ƙuntata. Jahar Maraɗi tana da mutum fiye da miliyan 3.4 a ƙidayar 2012, gundumar Gidan Rumji kaɗai ta haura 500,000. Gandu ya daɗe da rarrabuwa, har a wasu ƙauyukan kudancin jahar mata sun rasa gamanar da al'ada ta ba su. Daɗin daɗawa, daga 2019 dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka shigo gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. A irin wannan hali, tashin farashin fili alheri ne ga mai shi, amma ga wanda ba shi da ko taki ɗaya wata sabuwar ganuwa ce da ta bar shi a waje.

Ko asusun ƙarin haraji zai yi aiki a nan? Tarihin da aka bi ya nuna sharuɗɗa huɗu. Na farko, ba a sanin ƙari sai an san tushe. Garin da bai rubuta filayensa da masu su da darajarsu ba tun kafin jirgi ya iso, ba zai iya nuna abin da jirgi ya ƙara ba. Kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada suna iya zama mafari. Na biyu, a kama ƙarin a inda yake. A Shikago harajin gida ne, a Caduwa da Gazawa kuwa tikitin kasuwa ne da kuɗin tasha da hayar rumfuna, sannan da filayen da hukuma za ta riƙe ta bayar haya maimakon ta sayar. Na uku, a yi hattara da bashi. Layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 bai zama hanyar fatauci ba, kuma iyakar Najeriya ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har cikin 2024. Garin da ya ci bashi a kan ƙarin da bai zo ba, da tushen zai biya, wato da kuɗin alli da na magani. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kuma ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

Sharaɗi na huɗu shi ne mafi nauyi. Asusun da aka killace na shekara 20 ko 30 alkawari ne tsakanin masu biya da masu riƙo, kuma alkawari yana bukatar wanda za a tuhuma. A watan Afrilu na 2024 hukumomin soja suka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi da na jahohi, suka naɗa kantomomi a madadinsu. Ko wane ne ke riƙe da akwati, zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, ba abin da zai hana asusun musamman komawa aljihun musamman sai rubutacciyar iyaka, da rubutaccen wa'adi, da kason gidajen talakawa da na makarantu da aka fayyace tun farko, da lissafin da ake karantawa a bainar jama'a cikin harshen da suke ji.

Kammalawa

Daga kafin Gazawa zuwa tudun Maraɗi, abin da ke ba fili daraja ya sauya sau da yawa: jiya tsaro ne, sannan gujiya, sannan kwalta da iyaka, gobe kuma wataƙila tashar jirgi. A kowane zango jama'a ne suka samar da darajar, amma rabon da ya dawo musu ya danganta ne da ko akwai wurin ajiya a kusa da su, da kuma ko suna iya ganin cikinsa. Mutanen wannan yanki ba baƙin tara kuɗi don amfanin gaba ba ne. Sun san gayya, sun san adashi, sun san rumbun tsimi, kuma manoman Ɗan Saga a gundumar Agye sun nuna wa duniya yadda ƙauye ke kafa doka ya tsare itatuwan gonakinsa har ƙasa ta farfaɗo. Abin da ya rage shi ne a kai wannan sani ga filin birni da akwatin hukuma. A nan malamai da ƙungiyoyin al'adu suke da aiki: tattara tarihin unguwanni da gonakin da suka zama gidaje tun dattawan da suka san iyakokinsu suna raye, da koya wa yara karanta kasafin garinsu kamar yadda ake koya musu jerin sarakunansa.